Zoben Shugaban Kwamiti

Uwar Auta ta zauna a bencin baya na zauren bincike, riƙe da hannun 'yarta. Tun da aka kuɓutar da ita da sauran 'yan matan da ke zauren daga gidan da ake kai wa manya su, Auta ba ta ce uffan ba.

Shugaban kwamitin bincike ya shigo, dattijo mai fara'a. Ya ce, "Iyaye, ku kwantar da hankalinku. Ko waye, sai mun tona asirinsa."

Ya yi gyaran murya, ya ƙwanƙwasa tebur da zobensa.

Hannun Auta ya zame daga nata. 'Yan matan suka miƙe lokaci guda, suka jeru a gabansa, kai a sunkuye, yadda aka hore su a wancan gidan.

Sakatare ya ɗago, ya dube su, ya ci gaba da rubutunsa.