Yaran da Inna Take Raino

A aji uku na bar makaranta, kuma tun daga nan ban taɓa yin wata shida a aiki ɗaya ba. Ina wankin mota wata malamar jami'a ta zo unguwarmu da ƴar na'urar ɗaukar murya. Bincike take yi kan samarin da suka bar karatu, da yadda ciwon damuwa a gida yake taɓa su.

"Ba za a sa sunanka ba," in ji ta. "Sa hannu a nan."

Na sa. Na manta rabon da wani ya zauna ya saurare ni awa guda, sai baki ya ƙi rufuwa. Na gaya mata yadda Inna ta shekara ba ta fita daga ɗaki ba bayan rasuwar Baba, da yadda nake ɓoye wuƙaƙe a bayan kabad, da ƙwayar maganin da take sha kowace safiya har yau. Na ƙara da alfahari cewa ta samu sauƙi, yanzu ita ke rainon yara bakwai na matan da ke aiki a masaƙa.

Malama ta cika alkawari. "Saurayi na Huɗu" ta kira ni. Amma da aka raba taƙaitaccen rahoton a asibitin unguwa, komai yana ciki: wuƙaƙe, ƙwaya, yara bakwai, masaƙa. Mace nawa ce mai wannan sana'a a wajenmu?

Maƙwabciyarmu ce ta fara janye tagwayenta, wai kakarsu na kewarsu. Kafin mako biyu saura yaro ɗaya, ɗan tela.

Na sami malama a ofishinta. Na miƙa mata takardar rahoton, ta duba.

"Na cire suna, na cire layin gidanku," ta ce a hankali.

"Kin cire hula ne, malama, kin bar kai."

Ta ce za ta janye sauran takardun. Na ce waɗanda aka karanta fa?

A gida na tarar Inna na ninke tabarmin yara.

"Kai ne Saurayi na Huɗu?"

"Ni ne, Inna."

"A nan ma ba ka zo na ɗaya ba." Ta yi ƴar dariya, ta jingine tabarmar. "Ba ka yi ƙarya ba, ɗan nan. Sai dai ciwona ne. Kai ka sa hannu, ni wa ya tambaye ni?"

Washegari da azahar tela ya zo, yana ta sosa ƙeya, ya ce ƙanwar matarsa ta zo zama da su. Inna ta haɗa kayan yaron a jaka, ta ce masa yaron ba ya barci sai an shafa masa baya. Ta goya shi har bakin ƙofa, sannan ta kwance zanen.