Rigar da Ba Ta da Maɓalli

Tun ranar da Kawu ya ɗaga rigar a gaban duk telolin shagonsa, Auta ta ƙullace shi. Rigar ba ta da maɓalli ko ɗaya. Ta gefe take buɗewa, a manne ta da hannu ɗaya. Auta ta ɗinka ta ne don mahaifinta da ɓarin jikinsa ya shanye, saboda ya daina kiran mutane duk lokacin da zai sa kaya.

"Wannan riga ce ko buhu?" in ji Kawu. "Shekara talatin ina ɗinki ban taɓa ganin shirme irin wannan ba. Koma kan kalmasa, can ne matsayinki."

Aka kwashe da dariya. Kawu irin mutanen nan ne da in ba su suka ƙirƙiro abu ba, to abin banza ne. Auta ta karɓe rigarta. Ta ɗauke keken ɗinkinta, ta bar aikin da ke ciyar da gidansu. Tsoro ya kama ta, amma haushi ya fi tsoron yawa.

Wata huɗu tana zaune a baranda, ko kare bai leƙo ba. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta ga rigar a jikin tsohon a asibiti, ta juya ta ciki da bai, ta tambayi wanda ya ɗinka. Daga nan masu jinya suka fara yi mata layi, har aiki ya fi ƙarfinta.

Da wata ce, da ta gode wa Allah ta manta. Ban da Auta. Ta yanka samfurin rigar a kwali, ta bi layin su Kawu shago-shago tana koya wa teloli kyauta. Shago ɗaya tak ta tsallake, ta kuwa tsallake shi a hankali, don a gan ta.

Da masu kawo ɗinki suka yi ta wuce ƙofarsa, Kawu ya zo da kansa, yana ta gyara murya.

"Ƴata, ai jini ya fi ruwa kauri. Kwalin nan fa?"

Auta ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. Daɗi ya ratsa ta har ƙashi, ba ta kuma ji kunyarsa ba.

"Kwali ya ƙare, Kawu. Amma duk waɗanda ka koya wa ɗinki a layinku sun iya. Zaɓi wanda za ka durƙusa wa."