Hannun Inna Mai Shara

"Huɗu da huɗu," in ji Kwamared, yana kaɗa fensir a kan bencin aiki. "Mun sake yin kunnen doki."

Shekara biyu ke nan da mai shagon kafintocin ya tafi, ma'aikatansa takwas suka mai da wurin na haɗin gwiwa: babu oga, komai sai an ɗaga hannu. Yau batun lokacin buɗewa ne, ƙarfe bakwai ko takwas ɗin da aka saba. Kwamared, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago kuma shugaban zaman, bakwai yake so.

"Da zamanin Oga ne, da tuni kowa ya kama zartonsa," in ji mai fenti, ƙanin matarsa.

"Zamanin Oga ko bakinka ba naka ba ne. Jari-hujja ke nan: ka jefa ƙuri'a a waje kana ƙoƙarin zama mutum, ka shigo wurin aiki ka rusuna."

"Naku na gurguzu fa, Yaya? Kowa daidai yake, amma fensir ɗin kullum a hannun mutum ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Kwamared ya buɗe baki zai rama, sai ya hangi wani hannu a sama, can bayan tarin katako. Inna mai shara ce. Da alama ta daɗe a haka, don har hannun ya fara rawa.

"Inna, lafiya?"

"Takwas nake so."

"Ai ke ba mamba ba ce."

Maganar ta kuɓuce masa tun kafin ya auna ta.

"Ikon Allah," mai fenti ya ce a hankali. "Ashe gidan ma'aikata ma yana da ƙofar baya."

Kwamared ya ajiye fensir ɗin. Ya san Inna na riga su zuwa da awa guda don ta kwashe garin katako. In aka koma bakwai, sai ta fito kafin ta yi wa mijinta wanka ta ba shi magani, mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi da kansa ya ƙera masa kujerar zama. Kuma shi ya rubuta dokar shagon, cewa duk mai zub da gumi a nan yana da murya. Shekara biyu tana share ƙarƙashin ƙafafunsu suna kaɗa ƙuri'a, bai taɓa waiwayawa ba.

Ya yi gyaran murya. "Biyar da huɗu. An kayar da ni."

Inna ta sauke hannu tana murza kafaɗa.

"To, tunda an fara jin tawa," ta ce, "akwai maganar masu watsar da ƙusa a ƙasa. Yaushe ne zama na gaba?"

Maza takwas suka sunkuyar da kai, kowa na duban gindin bencinsa.