Saƙon da Ya Je wa Matar Malamin Lissafi

Makulli ake kiran yarinyar a unguwa, don babu wayar da ta gagare ta buɗewa. Shekarunta sha shida, a hannun goggonta mai ɗinki ta tashi. Ita kuwa Goggo duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha labarin basirar 'yarta kafin a auna ta.

Makarantarsu tana da kwamfutar da ke tura wa iyaye saƙo idan yaro bai zo ba. Makulli ta kutsa ciki ta juya abin, ya koma kan malamai. Ranar Laraba sai ga saƙo a wayar matar malamin lissafi: "Muna sanar da ku yaronku bai zo makaranta ba yau." Bawan Allah kuwa tun ƙarfe bakwai ya fita da jakarsa. Ashe kukan tagwayen da aka haifa masa ne ya ishe shi, yake zamewa gidan yayarsa ya yi barci. Da ya yi wa matar wannan bayani, ba ta yarda ba. Kwana biyar ba ta ce masa uffan ba.

Aka kira Goggo gaban kwamitin iyaye. Saura wata biyu jarrabawar fita, idan aka kori yarinyar shi ke nan. Goggo ta zauna da zare maƙale a gyalenta. Tun a hanya ta shirya ƙaryarta tsaf: yarinyar ko kunna fitila ba ta iya ba.

"Ke kika yi?" in ji hedimasta.

"Ni ce, Malam."

Goggo ta mintsine ta, amma magana ta riga ta fita.

Mai kemis, shugaban kwamiti, ya gyara tabarau. "Rashin tarbiyya ne daga gida. Yarinya, a ina kika koyi wannan ta'asa?"

"Baba, a shagonka na fara. Ranar da ka ce in jona maka intanet ɗin maƙwabcinka."

Mai kemis ya kama tari. Wata ungozoma da ke gefensa ta tuntsire da dariya.

"Inna kuma wayar surukarta ta kawo min," in ji Makulli. Dariyar ta tsaya cak.

"To kwamfutar makaranta fa, wa ya ba ki lambar sirri?" Hedimasta ya yi tambayar, sannan ya tuna. Shi da yatsa ɗaya yake buga rubutu, shi ya sa kullum yake kiranta ofis ta shigar masa da maki.

Goggo ta fara jin daɗi, har ta gyara zama za ta yi musu wankin babban bargo.

"Goggo ma..." Makulli ta fara.

"Ke, ba a tambaye ki ba," Goggo ta katse ta.

Kowa ya kama nazarin takalminsa. Malamin lissafi ne ya yi magana, idanunsa jajur. "Ni dai ba korarta nake so ba. Ta je ta gaya wa iyalina da bakinta."

A kan haka aka tsaya. Dakatarwa ta mako biyu, ta je ta ba da haƙuri, kuma in aka sake jin ta taɓa na'urar wani, ko ta wane ne, kora babu zama.

Da yamma Goggo ta tasa ta gaba har ƙofar gidan. Matar ta fito da jariri ɗaya a kafaɗa, ɗayan na tsala ihu a ɗaki.

"Anti, ni na sa aka turo miki saƙon nan. Ki yafe min."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce Makullin? Ku shigo." Ta leƙa waje, ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujera ta zaro waya. "Na yafe. Ga wayarsa, yana wanka. Buɗe min, minti biyu."

Makulli ta waiwayi goggonta. Goggo kuwa, Allah ya sani, wuyanta har ya fara miƙewa. Wayar malami guda, ga ta a tafin hannu, labarin da zai ishi shagon ɗinki wata uku. Sai ta kau da kai.

"'Yar nan, mayar da ita inda kika ɗauko," ta ce wa matar. "Tana da jarrabawa. Miƙo min yaron in riƙe miki, ki je ki ɗauko mai kukan."