Igiyar Fankar Di'o

Shekara goma sha tara Jatau yana jan fankar ofishin Di'o, Baturen mulki, bai taɓa jin iskarta ba. Tabarma ce mai geza rataye bisa tebur, igiyarta ta fito baranda ta wani ɗan rami a bango. Nan yake zama, ya ɗaura ta a babban yatsan ƙafa, yana ja yana gyangyaɗi. Turawa biyar ya yi wa fifita, kowanne da tarinsa yake gane shi.

Da mulkin kai ya zo, Baturen ya ɗaure akwatunansa, aka ce Barmo ne zai gaje shi. Barmo dai, taubashin Jatau, wanda suka yi kiwon awaki tare! Ran da aka zo kamun yaran makarantar boko, uwar Jatau ta tura shi cikin rumbu ta rufe. Barmo aka kama a bakin rijiya yana ihu, har makoki aka yi a gidansu.

Jatau ya rantse yatsansa ba zai motsa wa Barmo ba, ko da za a kore shi.

Ranar da Barmo zai kama aiki, Jatau ya riga kowa zuwa. Ya yar da igiyar, ya shiga ofis, ya zauna a kujerar Di'o. Ya ɗaga kai ya dubi fankar, ita ma kamar tana dubansa.

Sai ta motsa.

Wani sanyi ya sauko masa a ƙeya, ya bi ta cikin riga har ƙugu. Ya lumshe ido. Ashe abin da yake aikowa ta ramin nan ke nan?

"Ranka ya daɗe, iskar ta isa ko a ƙara?" Muryar Barmo ce daga baranda.

Jatau ya zabura ya fito. Ga sabon Di'o tsugune cikin farar babbar riga, igiya a hannu, yana dariya.

"Da hannu ake ja, baƙauye? Me suka koya maka a bokon?"

"Ɗan rumbu, ai kai ne gwani. In ka gaji da ita faɗa mini, in mai da kai masinja."

A ransa Jatau ya hango wani baƙo zaune a barandarsa yana aika wa Barmo wannan sanyi ba awo. Ya miƙa hannu.

"Ba ni igiyata."

Barmo ya shiga ya zauna. Jatau ya ɗaura igiya a yatsa, ya ja sau ɗaya, a hankali, ya tsaya yana kallon wani ƙadangare.

"Jatau, gumi nake yi!"

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji Jatau. "Ni ma a rumbu na yi shi."

Sai da ƙadangaren ya gyaɗa kai sau bakwai, sannan ya sake ja.