Mai Lamba Ashirin da Bakwai

"Kyamara ta shida, shirya. Ɗauka," in ji Wendell Prokop, bai ko waiwayo ba.

Loretta na tsaye a bakin ƙofa da tukunyar farfesun kaza. Hoton talabijin ya sauya daidai da maganarsa. Daga can sama, inda 'yan wasa suke kamar tururuwa a kan fararen layuka, ya faɗo kan fuskar mai jefa ƙwallo, gumi na ɗiga ta ƙarƙashin hular kwanonsa. Wendell ya kashe muryar akwatin. Ba a jin komai sai hucin injin da ke tura masa iska ta hanci.

"Kai dai ba ka gajiya," ta ce. "Shekara goma sha biyu da barin aiki, har yanzu kana ba su umarni."

"Yaran yanzu ba su iya ba. Sun rataya kyamara a igiya tana shawagi bisa kan mutane kamar ungulu."

Shekara talatin ya yi yana ɗaukar wasan ƙwallon Amurka da kyamara, wa gidan talabijin. Shingen katako ne kawai tsakanin gidansa da nata a Toledo, kuma tun da likita ya ce huhunsa ya gama aiki, duk Lahadi da rana takan leƙo.

"Zauna," ya ce. "Dubi gefen hagu, bayan masu riƙe da sarƙar auna fili. Wa kika gani?"

"Mutane."

"Mai lamba ashirin da bakwai. Ba hula a kansa."

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Babu wannan lambar.

A ranar ya ba ta labarin. Wani ɗan wasa ne, Darnell Whitlow, mai lamba ashirin da bakwai, suka yi karo da wani, ya faɗi bai sake tashi ba. Wendell ne ke bakin fili da kyamara a kafaɗa. Darakta ya ce masa ta cikin kunne, "Matsa, ba ni idonsa." Ya matsa. Daƙiƙa goma sha ɗaya ya riƙe hoton, uwar yaron tana kallo daga falonta a Alabama.

"Da na karkata kyamarar wajen 'yan kallo, ba mai korata. Hannuna ko rawa bai yi ba, Loretta. Har yaba mini aka yi."

"Waɗannan magungunan ne ke juya maka kai."

"Makon jiya yana can ƙarshen fili, sai a hoton sama nake hango shi. Yau ya iso tsakiya."

Da ta koma gida ta kira 'yarsa Paulette a Denver. Paulette ta ce za ta iso Litinin ta sama.

Lahadin da ta biyo, Loretta ta tarar da shi a kujerarsa, bargo a gwiwa. Hoto na ta sauyawa, bai kira lambar kyamara ko ɗaya ba. Ana maimaita wata faɗuwa a hankali, daga baya, daga gefe, daga ƙasa, amma idonsa na kafe wuri guda.

"Ya cika allon," ya ce, muryar can ƙasa.

Ta sake duba allon. Ita dai ciyawa take gani da ƙafafun mutane.

"Me yake yi?"

"Kallona yake. Ba fushi. Kamar jira yake."

Ta ja kujera ta kama hannunsa. Sanyi ƙalau.

"To, kawar da kai mana, Wendell. Ba mai magana a kunnenka yanzu."

Sannan ya fara juya kansa a hankali, ba gargada, kamar mai karkata abu mai nauyi a kafaɗa, har fuskarsa ta fuskanci taga. A waje wani maƙwabci na share ganyen da ya zube. Wendell ya sauke numfashi. Ta jira na gaba, bai zo ba.

Injin ya ci gaba da huci shi kaɗai. Ta kashe shi, ta rufe masa ido, sannan ta kashe talabijin.

A cikin baƙin gilashin talabijin ɗin, ɗakin ya fito ɗan ƙarami: taga, kujeru biyu, ita a tsaye, shi ya juya kai gefe.