Maɓallan Inoussa

"Sake dannawa, Papa," in ji Sa'adiyya.

Inoussa ya lalubo maɓallin da yatsa ya danna. Rubutun da ke kan gilashin injin kwamfutar ya yi tsalle ya koma sama. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Malam Abdulwahidu, limamin layin, yana tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunun da ya kawo na dubiya. Bai yi dariya ba. Boko bai iya ba, amma ya san lamba, kuma da idonsa ya ga bakwai aka danna, bakwai ɗin ba ta fito ba.

"Wane irin inji ne wannan, a danna abu ya ɓoye shi?"

"Ba ɓoyewa ba ne, Baba Malam," in ji yarinyar. Ta ce shekara ashirin mahaifinta ya yi yana rubutu a ofishin tashar jiragen ruwa, a kan wani tsohon inji da maɓallan hannun dama ba lamba suke bugawa ba. Ɗaya na share layi, ɗaya na nemo kalma, ɗaya na kai mutum ƙarshen takarda. Yanzu ido ya tafi, yatsu kaɗai suka rage, su kuma sun ƙi koyon sabon injin da ta aro daga wurin aikinta a unguwar Nyékonakpoè. Shi ne ta zauna kwana uku ta sauya wa maɓallan aiki, ta manna musu filasta, suka koma irin na da. "Voilà. Shi ke nan fa."

"Shi ke nan," in ji Malam, ya ajiye kwanon ya fita.

A wannan zamani mutum ba ya son a rubuta sunansa, ko da kuwa a takardar ɗaurin aure ne. Wata biyu da suka wuce an zo da mota an ɗauki Yacouba tela da tsakar rana, har yau babu labarinsa. Ga shi kuma kullum bayan la'asar, ta katanga, Malam yana jin ƙas-ƙas ɗin inji, Inoussa yana ambaton sunaye a fili yana bugawa. Gidan Muniru. Gidan Mamadou mahauci. Wata ranar Talata ya ji nasa sunan. Bai gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya a masallaci, kuma kafin Juma'a duk unguwar Zongo ta ji ana cewa Inoussa na tara wa hukuma sunayen mutane. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Matan layin suka daina aika abinci gidan.

Ranar Litinin da hantsi Inoussa ya cika.

Maza suka taru a gindin bango, kowa yana kallon ɗan'uwansa, babu mai shiga. Sa'adiyya ta fito da idanu jajur ta durƙusa.

"Baba Malam, rana na yi. Wa zai yi masa wanka?"

"Sai na ga abin da ke cikin injin nan. Sunana kuma a cire shi."

Ta shige gaba, ya bi ta. Mamacin yana kwance an rufe shi da zane, injin yana kan tebur kusa da kansa. Ta kunna, ta danna maɓalli mai filasta, ta buga wasu haruffa.

"Ga sunanka."

"Karanta. Kar ki rage, kar ki ƙara. Allah na ganinki."

Ta karanta da Hausar da aka rubuta da boko: "Tsohon Zongo, kafin a rushe shi a kwaso mu nan. Gida na huɗu daga rijiya, gidan su Abdulwahidu. Akwai mangwaro a ƙofa."

"Wannan kowa ya sani," in ji Malam. "Ke ma kina iya ƙagawa."

Ta ci gaba. "Mahaifiyarsa Assana ta rasu a ɗakin gabas, shekarar da rijiya ta yi gishiri. Shi yana Kumasi karatu. Ta ce da ni Inoussa in ɗebo mata ruwan randa a ƙoƙo, ba a kofi ba. Ta ce in ya dawo kar in gaya masa ta yi ta kiran sunansa, zai ji ciwo. Ban gaya masa ba."

Malam ya dafa teburin. Ƙoƙon ya sani. Tun da ya tashi bai taɓa ganin tsohuwar ta sha ruwa a wani abu ba, kuma a lokacin ba a ma haifi yarinyar nan ba.

"Gida nawa ya rubuta?"

"Ɗari da sha ɗaya. Cewa ya yi in ya tafi babu mai tuna inda kowa ya zauna." Ta nuna masa wani maɓalli a can gefen dama. "Wannan ne ke share layi. Danna sau huɗu, ka fita daga ciki."

Ya ɗora yatsa a kai. Filastar ta yi baƙi ta yi santsi, tsakiyarta ta lotsa daidai girman yatsan wani. Ya daɗe a haka. Daga waje wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, me aka gani?"

Ya janye hannunsa, ya fara naɗe hannun riga.

"Je ki ce wa Muniru ya kawo bokiti biyu. Ki ce ni na ce."

Ta fita. Malam ya jawo tabarma kusa da gadon. A kan gilashin, ƙarƙashin gida na ɗari da sha biyu da aka fara ba a gama ba, ɗan ɗigon haske yana ta ƙiftawa.